Motar Haddu Ba a Tura Ta

A Timahdit, garin da ke kan duwatsu inda dusar ƙanƙara ke sauka, babu wanda bai san Haddu ba, kuma a cikin waɗanda suka san shi da wuya ka sami mai yi masa fatan alheri. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fuska kullum a murtuke kamar wanda aka taka wa yatsa a sahun salla. Jallabiyar ulu baƙa guda ɗaya aka san shi da ita, hannuwanta sun sha baƙin mai har ruwa ba ya ratsa su. In ka gaishe shi sai ya fara duba takalminka, ya ga ko laka za ka shigar masa mota, sannan ya amsa, in ya ga dama.

Ɗan makiyayi ne, amma kiwo bai karɓe shi ba, don tumaki ma ba sa son mai tsawa. Yana saurayi ya bi wani direban babbar mota mai jigilar gungumen katako daga daji, a nan ya koyi injin dizal, rabi da ido rabi da mari. Da ya tsaya da ƙafarsa ya sayi wata Marsandi a Azru, wadda tun kafin ta ƙetaro teku ta riga ta ga duniya. Ya sa mata suna Tsohuwa, ya shiga layin tasi: biyu a gaba, huɗu a baya, Timahdit zuwa Azru, Azru zuwa Timahdit, har gashin kansa ya yi fari. Ba shi da aboki, ba shi da ɗa. Yana da Tsohuwa, yana da matarsa Itto, kuma kowa ya san wadda ke gaba a zuciyarsa.

A gaskiya, a ba shi haƙƙinsa, mutumin ya iya tayar da mota. Idan ɗari ya sauko sosai, man dizal ya yi kauri a tanki kamar daskararren man shanu, batir ya kwanta, direbobi suna ta murza makulli injin yana nishi yana ƙin tashi, motar Haddu ce kaɗai za ka ji tana tari a gari. Tun kafin sanyi ya kankama yake sirka mansa da ɗan kananzir. Da yamma yakan ajiye Tsohuwa a saman gangaren da ke bayan gidan niƙa, hancinta na kallon ƙasa, ya sa mata dutse a taya. Ya cire batir ya sungume shi zuwa gida, ya naɗe shi da bargo a gefen murhu, a daidai wurin da ya fi ko'ina ɗumi, Itto kuwa ta matsa can jikin bango. Ruwan nan mai launi na kanti, wanda ba ya daskarewa, Haddu ya ce almubazzaranci ne na malalata, ruwan rijiya ya ishe ta. Don haka kowace yamma sai ya kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin lagireto ya tsiyaye ruwan tas, kada ya kwana ya zama ƙanƙara ya fasa masa injin.

Bayan sallar asuba su biyu suke fitowa. Shi da batir, ita da kaskon garwashi a hannu ɗaya, bokitin tafasasshen ruwa a ɗayan. Ita ke durƙusawa cikin dusar ƙanƙara ta tura kaskon ƙarƙashin injin don baƙin mai ya saki jiki, shi kuma yana sama yana ɗaure batir yana mata faɗa cewa ta cika nawa. Sai ya ɗura ruwan zafi, ya shiga ya kunna filogin ɗumama, ya jira ɗan fitilar ta mutu, ya sake kunnawa. Itto ta janye kaskon, ta cire dutsen. Tsohuwa ta gangara a hankali, ta fara gudu, ya jefa ta a giya ta biyu ya saki kuloci, ta girgiza, ta yi tari, ta amayar da farin hayaki, ta tashi. Ko sau ɗaya bai taɓa waiwayowa ya ga yadda Itto take komawa gida da hannuwa jajur ba.

Abin da bai iya ba shi ne taimako. Wayar jona batir tana nan a but ɗinsa, sabuwa fil, don ba ta taɓa taɓa motar wani ba. In direba ya zo yana rawar ɗari, ya kira shi da girmamawa ya ce, "Si Haddu, don Allah ɗan jona min," sai ya leƙo ta taga ya ce, "Jiya da yamma ina kake? Kana gidan shayi kana buga karta, ni ina kwance a ƙarƙashin mota. Je ka ce wa kartar ta jona maka."

Wata rana a gidan shayin tasha, ana shan bisara, miyar waken nan mai kauri, wani ya tsokane shi ya ce kowace tsohuwa dai ranar turinta na zuwa. Haddu ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye a gaban jama'a.

"Ku shaida," in ji shi. "Wallahi, tallahi, ranar da hannun wani ɗan Adam ya tura motar nan, ko aka ɗaura mata igiya, ranar na bar tuƙi. Makullin a kogin Gigu zai kwana. Hannuna kaɗai ta sani, hannuna kaɗai za ta sani."

Aka shaida kuwa. Tun daga ranar rabin garin suke jira, kuma babu mai jira da zumuɗi irin na Mimun.

Mimun ƙanen Itto ne, shi ma direba, dogo mai yawan dariya, irin mutumin da kowa ke so, abin da ya isa ya sa Haddu ya tsane shi ko da babu wani dalili. Amma akwai dalili. Al'adar tasha ce, in an kira layinka ka zauna a sitiyari, to kada ka sauko. Wanda ya sauko ya sarayar da lodinsa, fasinjoji su koma motar da ke bayansa. Wata ranar kasuwa, da daɗewa, Haddu ya cika mota zai tashi, Mimun ya ƙwanƙwasa masa gilashi da fuskar tausayi, ya kira shi yaya da harshensu, ya ce, "Dadda Haddu, tayarka ta baya ta sace." Haddu ya sauko ya zagaya ya sunkuya. Taya lafiya lau. Kafin ya ɗago, mutanensa shida suna cikin motar Mimun, tasha duka ta kwashe da dariya. Mimun ya ce wasa ne tsakanin surukai, har ya aiko da kan sukari don ban haƙuri. Haddu ya mayar da shi. Daga ranar bai ƙara taka gidan Mimun ba, Itto ma sai da izini, izinin kuwa ba ya fitowa.

Shekaru suka juya. Direbobi ɗaya bayan ɗaya suka miƙa tsofaffin motocinsu suka karɓi sababbi, masu tashi da taɓawa ɗaya. Mimun ya zama shugaban direbobi. Haddu kaɗai ya rage da Tsohuwa, kuma duk da haka shi ne na farko a layi kowace safiya, don masu sababbin motoci sun koyi barci. Kullum suka haɗu sai Mimun ya ce, "Dadda, yaya jikin uwargida Tsohuwa? Ta kwana lafiya, ko an sha tari?"

"Ta binne waɗanda suka fi gwangwaninka," Haddu zai ce. "Kai ma za ta kai ka."

A tsakiyar ɗarin bara mahaifiyar su Itto ta kwanta, a gidan Mimun. Ƙirji ya riƙe ta, numfashi sai da ƙyar. Aka yanke za a kai ta asibitin Azru da safe, da zarar jandarmomi sun ɗaga shingen da suke rufe hanya da shi saboda ƙanƙara. Da la'asar Itto ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, Haddu yana naɗe batir.

"Zan je in kwana wajen Inna, gobe in raka ta."

"A motar wa?"

"A motar ɗanta mana. A ta wa kake so?"

"Matata ba ta shiga motar maƙaryaci. A kawo tsohuwar nan, ni in kai ta."

"Haba Haddu! Mace tana fama da ranta, a yi ta yawo da ita a ƙanƙara don kai da Mimun ba kwa ga maciji? Uwata ce fa."

"In kin taka gidan can, ki zauna can."

Itto ta dube shi, ta dubi batir ɗin da ke kwance cikin bargon aurensu. Mace ce mai haƙuri, har ana mata gori a kai, amma ranar abin ya kai mata iya wuya. Ta ja ƙofa ta fita. Haddu ya yi tsaki ya ce wa batir ɗin, "Za ta dawo kafin magariba." Magariba ta yi, ta wuce, ya ci busasshen burodi da shayin da ya fi ƙarfin sukarinsa.

Da asuba sanyin ya wuce misali, irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Haddu ya yi ta kai da kawowa shi kaɗai: batir, ya dawo, kasko, ya dawo, bokiti. Ransa a ɓace, gwiwoyinsa na ciwo, yana zagin Mimun da duk danginsa. Ya tura kaskon da ƙafa don ba zai iya durƙusawa ba. Ya ɗura ruwa, ya leƙa, ya ga ya cika har baki, ya rufe. Ɗan famfon nan na ƙasa kuwa a buɗe yake yadda ya bar shi jiya. Ragowar ɗigon ruwa ne ya daskare a bakinsa ya toshe shi, shi ya sa ruwan bai zube nan take ba. Ba wai Haddu bai san ana rufe famfon ba ne. Hannunsa ne bai taɓa yi ba, don tun ranar da aka kawo motar mai durƙusawa da kasko ita ke miƙa hannu ta murɗe shi.

Ya cire dutsen ya yi wuf ya faɗa ciki. Tsohuwa ta gangara, ta yi tari, ta tashi. Daɗi ya kama shi har ya buga sitiyari. Ga shi nan, ba mata, ba kowa, ta tashi!

A bakin shinge shi ne na farko. Ya kwashi mutum shida, ya zauna yana ɗan taka totur. Motar share ƙanƙara ta wuce gaba, motoci suka jeru a bayansa, ta farkonsu ta Mimun. A madubi yana hango Itto a kujerar baya, kan uwarta a cinyarta. Ya kau da ido.

Sai ga ƙwanƙwasa a gilashi. Mimun ne, babu dariya a fuskarsa.

"Dadda, ruwanka na zuba. Famfon lagireto a buɗe yake."

Haddu ya sauke gilashi kaɗan. "Yau ba taya ba ce?"

"Wallahi ba wasa nake ba. Sauko ka gani, ƙanƙarar ƙarƙashinka duk ta narke, har tururi take."

"In sauko ko? Ka girma, ka yi furfura, amma dabarar taka ɗaya ce tal. Ɓace min da gani, ɗan iska!"

"Motata a cike take da marar lafiya, me zan yi da fasinjanka? Na rantse babu mai taɓa lodinka. Ni ne shugaba, na ce babu."

"Shugaban maƙaryata."

Wani dattijo mai sayar da ulu da ke zaune a gaba ya ce, "Si Haddu, da ka ɗan duba, ai ba a rasa komai ba."

"Kujera ka biya ko shawara aka ce ka kawo? In ba ka so, sauka."

Jandarma ya ɗaga shinge. Haddu ya ja mota har sai da Mimun ya yi tsalle baya. A madubi ya ga hannun Itto ya fito ta taga yana kaɗawa, yana nuna ƙasa. Wato har da ita aka haɗa baki. Zuciyarsa ta ƙara ƙeƙashewa, ya danna totur.

Hanya ɗaya ce tal motar share ƙanƙara ta buɗe, bangon ƙanƙara dama da hagu, motoci a jere kamar carbi. Allurar zafin Tsohuwa ta daɗe da mutuwa, Haddu ya ce shi hancinsa ne allura. Suna fara hawan dutse wata mata a baya ta ja bargo ta ce, "Direba, hitar taka iska mai sanyi take hurowa."

Haddu ya sa hannu a bakin hitar. Sanyi ƙalau. Wanda ya yi rayuwarsa a kan dizal ya san ma'anar wannan: hita ba ta yin sanyi sai in babu ruwan da ke zagayawa. Mimun gaskiya ya faɗa.

A nan fa da ya tsaya, da an narka ƙanƙara a bokiti an ɗura, da rantsuwarsa tana nan daram, don babu turi babu igiya. Abin da zai biya kawai shi ne ya fito a gaban Mimun, ya durƙusa, ya rufe famfo, Mimun yana kallo. Ya dubi madubi, ga hancin motar surukin nasa daf da shi, yana ta kunna masa fitila. Ya ce a ransa, sanyin nan kaɗai ya isa ya riƙe injin, in dai ya kai saman tudu sai ya kashe ta ya gangara har Azru, can ya gyara abinsa babu wanda ya gani. Tudun kuwa ga shi can, ana hango itatuwan kansa.

Wari ya fara shigowa, warin fenti da baƙin mai suna ƙonewa. Mai ulu ya fara salati. Injin ya canza murya, ya soma ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da ludayi, ƙarfinta yana raguwa. Haddu ya sauke giya, ya manna ƙirji a sitiyari yana lallashinta da wata murya da matarsa ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. "Haba Tsohuwa, saura kaɗan, daure mini, daure." Ta daure iyakar ƙarfinta. Sai wani ƙara mai ban tsoro, motar ta yi tsalle guda ta tsaya cak. Ya murza makulli. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Injin ya buga, ya manne, kuma shi ya kashe ta da hannunsa.

Baya duk aka tsaya, aka fara ham. Direbobi suka firfito, kowa ya ja hular jallabiyarsa, yawancinsu mutanen da ya taɓa hana wa wayar batir. Babu mai ɓoye murnarsa. Gaba kaɗan akwai ɗan fili da motar share ƙanƙara ta buɗe don juyawa, in an tura ta can hanya za ta samu. Haddu ya fito ya tsaya a bayan but, ya ware hannuwa.

"Duk wanda ya taɓa ta sai na karya masa hannu."

"To ɗauke ta a ka," wani ya ce. "Ko ka kira kartar ta jona maka."

Mimun ya iso, idonsa ja. "Uwata na mutuwa a mota, Haddu. Matsa."

"Za ta tashi. Ta huce kawai."

"Ta huce? Ta mutu, kai ma ka sani! Na gaya maka, na rantse maka, ka zage ni a gaban mutane. Matsa ko in matsar da kai."

Da an ba hamata iska a wurin, don Haddu ya riga ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Sai jama'a suka dare. Itto ce ta taho, tana nitsewa cikin ƙanƙara har ƙwauri, babu ko safar hannu. Ta tsaya a gabansa.

"Ka rufe famfon?"

Ya kau da kai.

"Ka ce hannunka kaɗai ta sani. Tun ranar da ka kawo ta nake durƙusawa ina rufe shi, ka ɗauka da kansa yake rufewa? Dubi yatsuna." Ta ɗaga su, duk a tsattsage. "In hannun wani ne ke karya rantsuwarka, ai ta daɗe da karyewa. Shiga ka riƙe sitiyari, uwata tana jira."

Ta zagaye shi ta ɗora tafukanta biyu a kan but ɗin. Ƙarfen ya faɗi daga hannun Haddu. Mimun ya sa nasa hannun, mai ulu ya sa, direbobi suka rufu a kai, har waɗanda babu wurin da za su dafa sai da suka miƙo yatsa suka taɓa, don a ce da su aka yi. Haddu ya shiga ya zauna. Yana ji ana "Ya Allah! Ya Allah!" a bayansa, Tsohuwa tana tafiya shiru, ba tari ba hayaki. Hawaye suka zubo masa, na baƙin ciki ne tsantsa, babu nadama a ciki ko ɗigo.

Aka cusa ta a filin. Fasinjojinsa suka rarrabu a sauran motoci. Da Mimun zai wuce ya rage gudu ya sauke gilashi.

"Kogin Gigu yana baya, Dadda. Gangara ce, ba sai an tura ka ba."

Itto ba ta ɗago kai ba, tana gyara wa uwarta bargo. Motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace an ce a cike take.

Ya cika rantsuwarsa, wannan kam ba a isa a ce bai yi ba. Da rana tsaka aka gan shi a kan gada, ya wurga makullin, ya tofa yawu ya bi shi da shi. Tsohuwa masu sayen ƙarfe suka ɗauke ta da bazara. Gangaren bayan gidan niƙa, wanda ya sha yin dambe a kansa, babu direban da ya ko nema, sababbin motoci ba sa bukatarsa. Uwar su Itto ta tashi, har yanzu tana nan tana cin tuffa a gidan ɗanta.

Haddu yana nan shi ma. Ba ya zuwa tasha, ba ya amsa gaisuwa, kuma duk wanda ya tsaya saurarensa zai ji cewa Mimun ne ya lallaɓo ya buɗe masa famfo. Batir ɗin bai sayar ba, yana gefen murhu cikin bargo, babu mai matsawa jikin bango saboda shi. Itto ta dawo gidan sau ɗaya, ya ji motsinta ya gyara zama ya haɗe rai, yana shirya irin maganar da zai karɓe ta da ita. Kaskonta ta zo ɗauka.